LASIN TUƘI BA SHI NE ƘWAREWA BA: Jawabi Ga Sababbin Direbobi Da Iyayensu Na Ƙasar Rano Da Kibiya

Duk sa'ad da na bi ta Dawaki, a ƙasar Rano, sunan garin ya kan tuna mini da yadda iyayenmu su ke koya wa yaro hawan doki. Ba a taɓa ɗaukar yaro ran da ya iya zama bisa sirdi a miƙa masa ingarma a ce ya tafi sukuwa ba. Sai ya daɗe yana yankan ciyawa, yana share barga, yana jan doki zuwa rafi, kana a bar shi ya hau mai sanyin hali, babba na riƙe da linzami. Doki kuwa yana da idanu, yana tsoron rami, in mahayinsa ya yi wauta sau da yawa shi ne ya kan cece shi. Mota ba ta da wannan. Ba ta gani, ba ta tsoro, duk inda aka nufa da ita nan za ta faɗa. Amma ga shi yau muna miƙa wa yaro makullinta bayan koyon mako uku, mu ce ai ya sami lasin.

Abin da na ke so in jawo hankalin masu karatu a kai ke nan, musamman malaman makaranta da akawunan ofisoshi, domin su ne jama'a su ke tambaya, su ne kuma su ke cika takardu. Lasin izini ne na hawa hanya. Ƙwarewa kuwa sai bayan shekara ɗaya ko biyu ta ke zuwa, a cikin waɗannan shekarun ne kuma mu ke hasarar samarinmu.

WANI ƊALIBINA

Akwai wani yaro da na koyar a kwalejin horon malamai, mai ladabi, mai ƙoƙari, gwanin lissafi. Da ya gama aka ba shi aji a wata makarantar ƙauye a ƙasar Rano. Wata uku da samun lasin nasa sai aka tashi bikin abokinsa, ya ari motar wansa don a kai amarya wajen Kibiya. Mota ce ta mutum biyar, suka shiga su takwas. Aka jeru a hanya da la'asar sakaliya, ko wane direba yana so a ce shi ne gaba, samarin da ke baya suna yi masa kirari suna cewa ya nuna musu. Ya fita zai wuce ta gabansa a daidai wata kwana, sai ga amalanken shanu ɗauke da kara. Ya murɗa sitiyari da ƙarfi, motar ta bar kwalta, ta ƙundumbala sau biyu. Shi ya karye a hannu. Ƙanen ango, yaro ɗan shekara goma sha shida, wanda ke zaune bisa cinyar wani a bakin ƙofa, a nan ya cika.

Na tafi gaishe shi a asibiti. Ba abin da ya ke maimaitawa sai, "Wallahi Malam, na taka burki." Na kuwa yarda ya taka. Abin da bai sani ba shi ne, sa'ad da ya ga amalanken, filin da ya rage tsakaninsu bai kai wanda motar ta ke bukata ta tsaya ba. Wannan lissafi ne da ɗan aji shida zai iya yi, shi kuma malamin lissafi ne, amma ba wanda ya taɓa ɗora masa shi a kan mota.

LISSAFIN BURKI

Ga lissafin, ina kuwa roƙon ko wane malami ya rubuta shi a allo. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kimanin mita 14 a ko wace daƙiƙa. Mai gudun 80 tana cin mita 22, mai gudun 100 kuwa mita 28. Daga lokacin da idon direba ya ga abu zuwa lokacin da ƙafarsa ta sauka bisa burki, daƙiƙa guda ta kan wuce, ko fiye in ya gaji. Watau mai gudun 100 ya riga ya ci mita 28 kafin burki ya fara aiki.

Sa'an nan ga tafiyar da motar za ta yi bayan an taka. A nan ne mutane su ke ruɗuwa, suna zaton in gudu ya ninka biyu, filin tsayawa ma biyu zai ninka. Ba haka ba ne, sau huɗu ya ke ninkawa. A busasshiyar kwalta, da taya mai kyau da burki mai kyau, mai gudun 50 zai ja kimanin mita 14, mai gudun 100 kuwa kimanin mita 55. In an haɗa duka, na farko zai tsaya cikin mita 28, na biyu sai ya wuce mita 80, watau ya kusa cinye tsawon filin ƙwallo. In taya ta suɗe, ko ruwan farko ya sauka ya kwaɓe ƙura da mai a bisa kwalta, ko hanyar tsakuwa ce, to, sai a ƙara a kan wannan.

Haka kuma batun wuce mota. In kana gudun 80, mai zuwa ma yana gudun 80, tazarar da ke tsakaninku tana raguwa da mita 44 a ko wace daƙiƙa. Motar da ka hango can nesa kamar ƙwaro, kafin ka ƙirga biyar ta iso. Da dare kuma ƙaramar fitila ba ta haska fiye da mita 50 ko kusa da haka, alhali mai gudun 80 yana bukatar kusan mita 60 ya tsaya. Ma'ana, duk abin da fitilarsa ta nuna masa, ya riga ya makara.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa in an ƙara gudu da kashi 1 cikin 100, hatsarin da ke kawo mutuwa ya kan ƙaru da kashi 4 cikin 100. Ta kuma ce mai tafiya a ƙasa wanda mota ta buge tana gudun 65, yiwuwar mutuwarsa ta ninka ta wanda aka buge da gudun 50 sau huɗu da rabi. Kilomita 15 kacal ke tsakani. Sabo da haka ne dokar hanya ta Nijeriya ta tsayar da 50 a cikin gari, 80 ga ƙaramar mota a babbar hanya, 100 a hanya mai tagwayen titi. Wanda ya ratsa tsakiyar Rano ko Kibiya ko Bunkure da gudun 70 ran kasuwa, ya sani da ran 'ya'yan mutane ya ke caca.

YADDA A KE KOYO DĀ, DA YADDA A KE YI YANZU

Zamanin da a ke jigilar gyaɗa zuwa Kano, ba a zama direba sai an yi karen mota. Yaro zai shekara da shekaru yana wanke mota, yana ɗaure kaya, yana dirowa da gudu ya sa weji a bayan taya in an tsaya a hawa, yana canja taya cikin rana. Kullum yana kallon hannun maigidansa. Ya san inda a ke rage gudu tun ba a ga kome ba, ya san ƙarar da inji ke yi in zai ba da wahala. Ran da za a ba shi sitiyari, a fili za a fara, sa'an nan a hanyar da ba kowa, maigida na gefe. Ban ce wannan tsari ba shi da aibu ba, domin da yawa ba su iya karanta alamun hanya ba, an kuma sha wahalar da yara. Amma ya ba su abu guda mai tsada, watau doguwar zama kusa da wanda ya sani.

Yau abin hawa ya yawaita. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noman rani ya buɗe a Kura da Bunkure da Garun Malam, kuɗi ya shiga hannun matasa. Yaro ya kan sayar da shinkafa ko tumatir ya sayi babur, in shekara ta yi kyau ya sayi ƙaramar mota. Wannan arziki ne, muna murna da shi. Sai dai koyon ya gajarce. Abokinsa ne zai nuna masa giya a filin makaranta ran Asabar, ran Litinin ya hau kwalta.

Doka ba ta yarda da haka ba. Ba a ba da lasin sai mutum ya cika shekara 18, ya yi makarantar koyon tuƙi wadda hukuma ta amince da ita, ma'aikatan duba motoci, watau V.I.O., sun jarraba shi, kana a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988 zamanin Janar Ibrahim Babangida, Farfesa Wole Soyinka ya zama shugabanta na farko, ita ke kula da wannan tsari tare da hukumomin jihohi. A Kano kuma akwai KAROTA tun 2012. Amma kowa ya san akwai masu ba da kuɗi a kawo musu lasin har gida ba tare da sun zauna gaban mai jarrabawa ba. Uban da ya yi wa ɗansa haka yana ganin gata ya yi masa. Akawun da ya taimaka yana ganin alfarma ya yi. Su duka biyu sun sa hannu a cikin abin da zai biyo baya.

Ko wanda ya bi hanya sosai ya ci jarrabawa da gaskiya, bai ƙware ba tukuna. Mu a aikin koyarwa mun san wannan. Ɗalibi ya kan ci jarrabawa ya karɓi takardar shaida, amma ba mu ɗauke shi cikakken malami sai ya yi zaman gwaji, hedimasta na leƙa ajinsa, mai duba makarantu na karanta littafin shirinsa. In malami sabo ya yi kuskure, gobe a gyara. Kuskuren sabon direba fa, wa zai gyara shi?

ABIN DA WAƊANSU ƘASASHE SUKA YI

Ba mu kaɗai ke da wannan damuwa ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna mutum kimanin miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya ko wace shekara, kuma shi ne abin da ya fi kashe masu shekara 5 zuwa 29 a duniya. Maza sun ninka mata kusan sau uku a cikin mamatan. Fiye da kashi 90 cikin 100 na mace-macen a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi su ke aukuwa, irin tamu. Shi ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗauki alkawarin rage adadin da rabi tsakanin 2021 da 2030.

Ƙasashen da suka ci nasara sun lura cewa watannin farko bayan samun lasin su ne mafi hatsari, sai suka mai da lasin hawa-hawa. Niyu Zilan ce ta fara a 1987. A can sabon direba ba ya tuƙi shi kaɗai da tsakar dare, ba ya kuma ɗaukar abokansa sai da babba mai cikakken lasin a gefensa. A Faransa sabon direba ya kan yi zaman gwaji har shekara uku, da alamar harafin A manne a bayan motarsa, inda wasu ke gudun 130 shi 110 aka yarda masa. A Ingila dokar 1995 ta ce wanda ya tara maki shida na laifi cikin shekara biyu na farko, a soke lasin nasa ya koma ya sake jarrabawa.

In mun duba da kyau, abin da Turawa suka rubuta a doka shi ne abin da tsofaffin direbobinmu su ke yi wa yaran motarsu ba tare da takarda ba. Ba sai mun jira majalisa ba. Ko wane uba yana iya kafa wannan doka a gidansa tun daga yau.

HANYARMU DA HALINTA

Sabon direba ya san cewa ko wace hanya da halinta. Wanda ya taso daga Kano ya biyo hanyar Zariya, ya ratse ta Karfi zuwa Bunkure da Rano, ya bar faffaɗan titi ya shiga ƙaramar hanya mai hannu biyu, amma sau da yawa ƙafarsa ba ta sauka daga totur ba. A wannan hanya zai gamu da garken shanu suna ƙetarewa, da jakuna, da amalanke marar fitila, da babur ɗauke da mutum huɗu, da yara masu talla. Da kaka manoma su kan yi shanya a bakin kwalta, masu tafiya a ƙasa su shigo tsakiya. Da hunturu hazo ya kan rufe gaba. Da rani motocin tumatir masu nufin kasuwar Kwanar Gafan suna sauri kada kaya ya lalace. Tsohon direba ya san duk wannan, ya kan rage gudu tun bai ga kome ba. Sabo kuwa sai ya gani kana ya yi shawara.

Gajiya ma maƙiyiya ce. Ran 31 ga Mayu, 2025, motar da ta ɗauko 'yan wasan Jihar Kano daga gasar wasanni ta ƙasa da aka yi a Jihar Ogun ta faɗa daga gada a wajen Ciromawa, a kan hanyar Zariya zuwa Kano, mutum fiye da 20 suka rasu, galibinsu matasa. Hukumar Kiyaye Haɗura ta ce mai yiwuwa gajiyar tafiyar dare da gudu ne sanadi. Sun ratso ƙasar nan tun daga kudu, saura kaɗan su shiga gida. Allah ya jiƙansu. Goro da shayi ba su biyan bashin barci, balle ƙwayoyi irin su tiramol waɗanda waɗansu samari ke sha wai don su ƙara ƙarfi. Ƙwaya ta kan cire tsoro, tsoron nan kuwa shi ke tsare direba. In ido ya fara nauyi, magani guda ne, a faka a kwanta.

SHARUƊA BAKWAI NA SHEKARAR FARKO

Ga abin da na ke ba ɗalibaina shawara, na ke kuma roƙon iyaye su ɗora wa 'ya'yansu kafin su miƙa makulli.

Na ɗaya, wata uku na farko kada ya hau babbar hanya sai da ƙwararren direba a gefensa.

Na biyu, kada ya yi tafiyar dare tsakanin gari da gari sai ya shekara.

Na uku, kada ya cika mota da sa'o'insa, kada kuma ya yi tuƙi a jerin kai amarya ko na 'yan siyasa. A irin wannan wuri ba shi ke tuƙi ba, zugar abokai ce ke tuƙi.

Na huɗu, ya ɗaura bel, ya sa kowa ya ɗaura. Karo da gudun 50 daidai ya ke da faɗowa daga tsawon mita 10, ba hannun da zai iya tare wannan. Bel irin na yanzu wani injiniyan kamfanin Volvo, Nils Bohlin, ya ƙirƙiro shi a 1959, an kuwa tabbatar yana rage mutuwar na cikin mota har da rabi. Tun 1 ga Janairu, 2003 a ke kama wanda bai ɗaura ba a Nijeriya. Mai babur kuma ya sa hular kwano ya ɗaure igiyarta, ba ya rataye ta a hannun babur ba.

Na biyar, waya ta zauna a aljihu. Mai waya a hannu yana tuƙi ya ninka waninsa kusan sau huɗu wajen yiwuwar hatsari. Duban saƙo na daƙiƙa uku a gudun 80 daidai ya ke da tafiyar mita 66 ido rufe.

Na shida, kada ya wuce mota a kwana, ko a hawa, ko a gada, ko a cikin gari, kada kuma ya yi aron hannu kome saurinsa. In ya yi shakka, ya zauna a baya. Daga nan zuwa wurin da ke nesa da kilomita 60, mai gudun 100 minti tara kacal zai riga mai gudun 80.

Na bakwai, kafin ya tashi ya duba taya, da burki, da fitilu, da ruwa, da baƙin mai. Ya kuma haddace 122, lambar kiran Hukumar Kiyaye Haɗura, kyauta a ke kiranta.

NAUYIN DA KE KANMU

Na san za a ce ai kome ƙaddara ce, wanda kwanansa ya ƙare ko a kan gado sai ya tafi. Gaskiya ne rai a hannun Allah ya ke. Amma wanda ke faɗin haka ya kan kulle shagonsa da dare, ya kan kuma kai ɗansa asibiti in zazzaɓi ya kama shi. Ba mu barin taki da noma mu ce in Allah ya so za a yi hatsi. Don me sai a kan hanya kaɗai za mu bar sababi mu kama ƙaddara?

Malamai, kuna da allo da alli. Ku sa lissafin burki cikin darasin lissafi. Ku fita da yara filin ƙwallo, ku auna musu mita 28 da mita 80 da igiya, su gani da idonsu. Yaron da ya taka wannan tazara da ƙafarsa ba zai manta da ita ba ran da ya zauna bayan sitiyari, ba zai kuma yanke gaban mota a guje ba in an tashi makaranta. Akawuna da ma'aikatan ƙananan hukumomi, kada takardar haihuwa ta ƙarya ko lasin na bayan gida ya bi ta teburinku. Dagatai da limamai da shugabannin tasha, ku yi magana a kan gudun biki kamar yadda ku ke magana a kan tsadar lefe. Iyaye kuma, makulli a hannunku ya ke, icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Ran 2 ga Afrilu, 1972 Nijeriya ta bar tuƙin hannun hagu ta koma na dama. Ran nan duk direban ƙasar nan, kome daɗewarsa, ya koma ɗan koyo, ya tuƙa motarsa yana tunani a ko wace mararraba. Irin wannan hankali mu ke nema ga sabon direba, ya riƙa tuna cewa shi ɗan koyo ne har sai hanya ta gama karantar da shi.

Ɗalibin nan nawa ya warke, ya koma aji. Ko wace shekara ya kan fita da yaransa fili da igiyar awo. Ya gaya mini ba ya iya wuce ƙofar gidan su yaron nan sai ya sauka daga babur ya tura.

Allah ya kiyaye mu da 'ya'yanmu, ya kai kowa gida lafiya, amin.